Karatun Injiniya a Ƙasar Waje: Amanar da ke Wuyan Ɗan Manomi



Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙasa da ruwa da ƙarfe, kana ya ba shi hankalin da zai sarrafa su. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya iyayenmu malamai da dattawa, da 'yan'uwanmu ɗalibai, an ɗora mana nauyin yin bayani a kan abin da ɗalibi yake tararwa idan ya bar gida ya tafi wata ƙasa domin karatun injiniya. Mu da muke magana 'ya'yan manoma ne daga wannan yanki na arewacin Kano, kuma Allah ya ƙaddara mana yin digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin ƙasar Indiya. Saboda haka mafi yawan misalanmu daga can za su fito, duk da cewa darasin ya shafi wanda ya nufi Masar ko Turkiyya ko Maleshiya ko Ingila. Abin da muke so kowa ya tashi da shi daga wannan zama shi ne, gona ce take biyan kuɗin karatun nan, ko kai tsaye ko a fakaice, don haka a gona ya kamata a auna amfaninsa.

Ƙasar da muka fito

Duk wanda ya bi hanya daga Dawakin Tofa ya ratsa Bichi zuwa Tsanyawa, ko ya tashi daga Minjibir ya nufi Ɗambatta da Makoɗa, zai ga gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Babu dajin da za a sara, babu saurar da za a bari ta huta. Ƙasar da kakanninmu suka noma ita muke nomawa kowace shekara, kuma abin da ya riƙe ta shi ne takin da ake kaiwa a mangala tun da rani, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da tara harawa da kara domin dabbobi su ci su mayar da taki. Damina kuwa kimanin wata huɗu ce. Sa'an nan duk lokacin da aka yi rasuwa aka raba gado, gonar sai ta ƙara tsukewa.

A irin wannan gida, yaron da aka saki ya yi nisa a boko hannu ne aka cire daga gandu. Kuɗin rajista da na mota da na littattafai kuwa daga akuyar mahaifiya suke fitowa, ko daga buhun waken da aka kai Dawanau. Tun daga 1977, lokacin da aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, 'ya'yan talakawa da yawa suka sami ƙofar shiga fannin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero, daga baya kuma da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. A 2012 gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje domin digiri na biyu, a 2023 kuma aka farfaɗo da shirin da gurabe 1,001 zuwa Indiya da Uganda. Kada ɗayanmu ya ɗauka cewa wanda gwamnati ta biya wa ya kuɓuta daga bashin manomi. Kuɗin gwamnati dukiyar jama'a ce, kuma da ita aka fasa gyara wata rijiya ko wata kwalbati domin a saya mana tikiti.

Aji da ɗakin gwaje-gwaje

Abu na farko da ɗalibi yake karo da shi shi ne harshe. Takardar jami'a ta ce da Turanci ake koyarwa, kuma haka ne, to amma Turancin malamin Indiya daban yake da wanda kunnenmu ya saba ji, ga shi da sauri, kuma idan bayani ya yi daɗi sai malami ya zarce da harshen Hindi ba tare da ya lura ba. Maganin wannan shi ne zama a sahun gaba, da karanta darasi tun kafin a shiga aji, da tambaya ba tare da jin nauyi ba. Matambayi ba ya ɓata. Bayan wata biyu ko uku kunne yakan buɗe.

Abu na biyu, lissafi ba ya munafunci. Wanda ya tafi da tushe mai kyau daga gida zai ga cewa ɗan Kano bai gaza kowa ba a kan allo. Inda ake samun tazara shi ne wajen aikin hannu da aikin kwamfuta. Abokan karatunmu na can da yawa sun saba da manhajojin zane da na lissafin injiniya tun daga digirin farko, sun taɓa injinan yankan ƙarfe da na gwajin ƙarfin kankare da hannunsu, yayin da da yawa daga cikinmu a littafi muka fi sanin waɗannan kaya. To, alal haƙiƙa wannan shi ne ainihin abin da aka je nema. Littafin da ake karantawa a Delhi ana iya samunsa a Kano, amma injin da ke ɗakin gwaje-gwaje ba ya shiga jaka. Saboda haka ɗalibin da ya gane wannan yakan yi abota da ma'aikatan ɗakin ƙere-ƙere kamar yadda yake girmama farfesa, domin su ne suka san kukan inji idan boris ya ci, su ne kuma za su bar shi ya kwance ya ɗaura. Haka nan duk ziyarar masana'anta da jami'a ta shirya, ko da ba ta cikin jarrabawa, bai kamata a bari ta wuce ba.

Abu na uku shi ne zaɓen abin da za a yi bincike a kansa. Malami yakan miƙa wa ɗalibi batun da ya shafi masana'antun ƙasarsa, ɗalibi kuma ya karɓa domin shi ne mafi sauƙi. Amma mun ga cewa idan aka je wa malami da matsalar gida a rubuce, da awonta da lissafinta, yawancinsu sukan yi maraba da ita. Wanda zai tafi, to ya tafi da tambayar ƙauyensu a aljihu: zurfin rijiyoyinsu, faɗin gonakinsu, yawan man da injin ban ruwa yake sha a yini.

Zaman baƙunci

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, a biya ta Addis Ababa, a sauka Delhi, tafiyar ba ta kai kwana biyu ba, amma mutum sai ya ga kamar wata duniya ya faɗa. Dokar ƙasar ta wajabta wa ɗalibin da ya shigo da biza mai tsawo ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14. Wannan, da kiyaye ranar ƙarewar biza, abubuwa ne da ba a wasa da su, domin sakaci a nan yana iya jawo tara ko kora ko tsarewa.

Mun zaci ɗan Kano ya gama sanin zafi, sai muka tarar a watannin Mayu da Yuni zafin arewacin Indiya yakan haura digiri 45. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuma ga sanyi da hazo mai haɗe da hayaƙi, wanda yake wahalar da duk mai ciwon ƙirji. Ɗakunan cin abinci na ɗalibai da yawa ba sa dafa nama ko kaɗan. A jihohi da dama doka ta hana yanka saniya, don haka naman ɓauna da akuya da kaza ake samu, kuma wajibi ne Musulmi ya nemi mahaucin da yake yanka irin na Musulunci, domin akwai wani nau'in yanka na sara ɗaya da wasu al'ummar ƙasar suke yi. Wanda ya iya tuƙa tuwo tun daga gida, ya kuma yi guzurin kuka da kuɓewa da daddawa, ya rage wa kansa rabin wahala. Muna kira ga iyayenmu mata da su koya wa samari girki kafin su tafi, babu abin kunya a ciki.

Ta fuskar addini, ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172, don haka masallaci ba ya wuyar samu a birane. Sai dai mafi yawansu mabiya mazhabar Imamu Abu Hanifa ne, kuma ɗalibi zai ga bambanci a wasu rassa, misali sukan jinkirta La'asar fiye da yadda muka saba. Wanda ya tafi da ɗan karatun fiƙihu zai san cewa wannan saɓani ne sananne tsakanin malamai, ba zai rikice ba, ba kuma zai tayar da husuma a masallacin mutane ba. Ranar Juma'a ranar aiki ce, wani lokaci darasi yakan faɗo daidai lokacin salla. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibai Musulmi su haɗu tun farkon zango su nemi izini cikin ladabi, a rubuce. Mun gwada haka, an kuma saurare mu.

Amma babbar jarrabawa ita ce rashin idon gida. A ƙauyenmu idan saurayi bai fito Asuba ba, kafin hantsi an tambayi mahaifinsa ko lafiya. A can kuwa babu mai tambaya. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Wannan magana tana da gaskiya a kan abin da ya shafi dokar gari da ladabin zama da mutane, amma iyakarta ke nan, ba ta shiga salla da abin da za a ci da abin da za a sha. Mun ga waɗanda jama'ar 'yan'uwa ta riƙe har suka gama lafiya, mun kuma ga waɗanda suka ware kansu, sai karatun da tarbiyyar suka zube tare. Ga kuma kewa. Tsakaninmu da gida akwai tazarar awa huɗu da rabi, kuma a cikinmu akwai wanda aka yi wa rasuwar mahaifi ya ji ta waya, bai sami jana'iza ba, washegari kuma ga jarrabawa. A irin wannan rana ne ake sanin darajar ɗan'uwa.

Wajibi ne kuma mu faɗi cewa baƙar fata yakan gamu da kallon raini da zargi a wasu wurare, musamman zargin fataucin ƙwaya da laifin wasu tsiraru ya jawo wa 'yan Nijeriya. A watan Maris na 2017 wasu gungun mutane sun far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa wani zargi da ba su da hannu a ciki. Tare da haka, adalci ne mu shaida cewa mun sami malamai da maƙwabta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, da suka kyautata mana matuƙa. Kariyar ɗalibi ita ce takardunsa su kasance daidai, ya guji yawon dare, kuma kada ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba, ko daga wa ya fito.

Nasiha ga iyaye: kada a taɓa gona

Ya iyayenmu, a nan muke roƙon ku saurare mu da kyau. Akwai dillalan jami'o'i da suke yawo da takardu masu sheƙi, suna cewa an yi wa yaro rangwamen rabin kuɗin makaranta, kuma idan ya je zai riƙa aiki yana riƙe kansa. Ku sani, bizar ɗalibi a Indiya ba ta ba shi izinin aikin albashi. Rangwamen kuma galibi bai shafi masauki da abinci da magani da tikiti ba, waɗanda duk da kuɗin waje ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kimanin naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wato uban da ya yi lissafin karatun shekara huɗu a kan kuɗin wata gona da ya sayar, ya wayi gari kuɗin ba su kai shekara biyu ba. Yaro ya dawo babu kwali, gona kuma ta tafi, alhali a wannan yanki namu wanda ya sayar da gona da wuya ya sake mallakar kamarta. Hatta ɗaliban da hukumomi suka ɗauki nauyinsu sun sha fuskantar jinkirin biyan kuɗi, wasu har aka riƙe musu takardun shaida na tsawon lokaci.

Ga kuma abin da ba a shirya masa ba. Yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a Afrilun 2023, kuma dukansu sun kori ɗaliban Nijeriya daga azuzuwansu, cikinsu har da 'ya'yan Kano masu yawa da suke Khartum. Sa'an nan ba kowace takarda ake karɓa a gida ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Don haka kafin a biya ko kwabo, a bincika a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko an amince da jami'ar, a kuma tambayi hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista ko za ta karɓi kwas ɗin.

Shawararmu ita ce yaro ya yi digirin farko a gida, inda yake kusa da ido, ya dage ya fito da sakamako mai kyau, sa'an nan ya nemi tallafin digiri na biyu daga gwamnatin jiha ko asusun PTDF ko ita kanta jami'ar wajen. Idan bai samu ba, babu tawaya ga injiniyan da ya tashi a Zariya ko Kano ko Wudil. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya cancanci a ɗauko

Indiya ta fi ƙasashen Turai kama da mu. Ƙidayar gonakinsu ta 2015 zuwa 2016 ta nuna matsakaiciyar gona hekta ɗaya ce da 'yar ɗoriya, wato su ma ƙananan manoma ne. A Jihar Rajastan gero ne abincin karkara, suna yin gurasa da shi. Cibiyar ICRISAT da aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad tana bincike a kan gero da dawa da gyaɗa, tana kuma da reshe a nan Kano. Injiniyoyinsu sun ƙware wajen ƙera abin da ya dace da aljihun talaka, wanda makanikin ƙauye zai iya gyarawa. Shaida tana kan titinmu: babur ɗin Bajaj da A Daidaita Sahu. Haka suke da ƙananan injinan huɗa, da na sussuka, da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana.

A gundumar Alwar ta Rajastan, wani mutum mai suna Rajendra Singh ya jagoranci ƙauyuka, tun daga tsakiyar shekarun 1980, wajen farfaɗo da ƙananan madatsun ƙasa da suke tare ruwan sama ya nutse, har rijiyoyin da suka ƙafe suka dawo, kogin Arvari ya sake gudana. A 2015 aka ba shi lambar yabo ta ruwa ta birnin Stockholm. A ɗaya ɓangaren kuma ga Jihar Punjab, inda wutar lantarki kyauta da yawan rijiyoyin burtsatse suka sa ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ta yin nisa shekara bayan shekara. Wannan gargaɗi ne gare mu, yanzu da famfon sola yake yaɗuwa a fadamunmu. Famfon da ba ya shan mai yana sa a manta cewa ruwan yana da iyaka.

Bari mu kawo lissafi kaɗan domin a ga irin aikin da muke nufi. Idan shuka tana bukatar ruwa milimita 5 a yini, hekta ɗaya za ta sha lita 50,000, wato duro 250 masu cin lita 200. Wanda ya san wannan shi zai iya gaya wa manomi girman famfon da zai saya da faɗin lambun da rijiyarsa za ta iya ɗauka, kafin ya zuba kuɗinsa. Haka nan milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. A ce rufin makarantar Islamiyya murabba'in mita 100 ne, aka kuma sami milimita 700 a damina, to lita 70,000 ke nan suke zuba a ƙasa kowace shekara, alhali yaran makarantar suna tafiya ɗibar ruwa da jarka.

Ga madatsun ruwa da aka gina mana tun daga shekarun 1970, bisa shirin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako: Watari a Bagwai, Tomas a wajen Ɗambatta, da Gari, da Jakara. Magudanansu suna bukatar yasa da gyara da rabon ruwa bisa awo, ba bisa ƙarfin murya ba. Ga waken da ƙwari suke cinyewa a rumbu, ga tumatir da albasar da suke ruɓewa kafin su kai kasuwa, ga iyayenmu mata da suke kwana a kan turmi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin injiniya ne, kuma babu baƙon da zai zo daga wata ƙasa ya yi mana shi.

Bayan dawowa

Ba za mu ɓoye ba, dawowa ma jarrabawa ce. Wani zai dawo ya shekara yana yawo da takardu babu aiki. Wani zai sami aiki a Legas ko Abuja ko wata ƙasar, kuma ba mu ce haram ne mutum ya nemi halalinsa inda ya samu ba. Abin da muke cewa shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko ina injiniyan yake, yana iya zana wa garinsu tankin ruwa kyauta, ya duba aikin rijiyar da ɗan kwangila yake yi kafin a biya shi, ya zauna da maƙera da masu walda na kasuwarsu su ƙera injin sussuka da ƙarfen da ake samu a nan, ya kuma ba da 'yan kwanaki a hutunsa yana koyar da lissafi a makarantar da ta yaye shi. Sharaɗin duk wannan shi ne tawali'u. Tsohon da ya shekara hamsin yana noma gona guda ba ta mutu ba yana da ilimin da babu shi a jami'ar da muka je, kuma injiniyan da ya zo masa da girman kai zai koma da injinsa.

Ga 'yan'uwa na wannan tafiya kuma, muna ba da shawara kowane reshe ya san ɗalibansa da suke waje, a riƙa tuntuɓarsu, a haɗa mai shirin tafiya da wanda ya dawo, kuma a kafa 'yan mutane masu sani da iyaye za su riƙa kai wa takardun dillalai su duba kafin a sayar da ko tunkiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon Allah ya tsare ɗalibanmu a duk inda suke, ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo da su lafiya da imaninsu. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya sanya albarka a gonakinmu, ya ba mu damina mai albarka. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.